Gyaran Hoto da Zane a Kwamfuta Ba Tare da Manhajar Sata Ba

Duk mai gyaran kwamfuta a Kano, Kaduna ko Maraɗi ya san abin da ke biyo bayan sabunta Windows: "Malam, a sa min Corel da Photoshop." Ba a tambayar kuɗin lasisi, domin kowa ya san ba na saye za a saka ba. Tun shekarar 2013 kamfanin Adobe ya daina sayar da sababbin Photoshop a biya sau ɗaya a huta, ya koma haya, kowane wata ko kowace shekara, kuma farashin na bin dala. Yaron da ke haɗa katin biki a ɗan shagonsa ba zai iya wannan ba, ni ma ban ce ya iya ba. Abin da nake ƙi shi ne hanyar da aka ɗauka a madadin haka. Kafin a saka manhajar da aka fasa, sai an ce ka kashe manhajar kariya daga bairos. Ka tsaya ka duba abin da ke cikin wannan kwamfutar: asusun bankinka, WhatsApp ɗinka a buɗe, fasfo da takardun shaidar ɗan ƙasa na kwastomomin da suka ba ka amana. Kai da hannunka ka buɗe wa wanda ba ka sani ba ƙofa, don kawai ka yanke hoto ka sa masa farin baya.

Akwai manhajoji na kyauta, na halal, da ke yin kusan duk aikin da shagon buga takardu ko mai ɗaukar hoton biki ke bukata. Na san za a ce araha ba ta ado. A nan dai maganar ba ta tsaya ba, amma da sharaɗi: kada ka shiga neman manhaja ɗaya da za ta zame maka Photoshop da Corel a haɗe. Waɗanda suka gwada suka ce na kyauta ba su da amfani, yawanci nan suka faɗi. Sun ɗauki manhajar gyaran hoto suna zana tambari da ita, ko sun ɗauki ta zane suna shirya littafi. Ka fara tambayar kanka aikin da ke gabanka, shi zai gaya maka abin da za ka sauke.

Hoto a kwamfuta iri biyu ne. Wanda kyamara ko waya ta ɗauka ɗigo-ɗigo ne, ƙananan murabba'ai masu launi da ake kira fiksel, an jera su miliyoyi. Adadinsu ƙayyadadde ne. In ka ja hoton ya yi girma, ɗigon ne ke kumbura, shi ya sa fuska ke dusashewa ko ta fashe. Iri na biyu, wanda ake kira bekta, ba ya ajiye ɗigo. Kamar awon tela yake: daga nan zuwa can layi, a nan a lanƙwasa, a cika ciki da kore. Da awo ɗaya za a fitar da tambari a kan hatimi, a kuma fitar da shi a kan allon talla na bakin titi, gefensa na nan da kaifinsa. Saboda haka hoton mutum, na kaya, na wuri, aikin manhajar fiksel ne. Tambari, kati, satifiket, sitika da rubutun riga, aikin bekta ne.

A ɓangaren hoto, babba shi ne GIMP. Wasu ɗalibai biyu ne, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara shi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1995, kuma har yau masu sa-kai ne ke riƙe da shi. GIMP 3.0 ya fito a watan Maris na 2025, ya zo da abin da aka daɗe ana jira: in ka gyara haske ko launi, gyaran ba ya cinye asalin hoton, kana iya dawowa ka rage shi ko ka cire shi gaba ɗaya. Yana buɗe fayil ɗin Photoshop mai ƙarshen PSD, ko da yake wasu ƙawace-ƙawacen rubutu ba sa zuwa daidai.

Bari mu yi fasfo da shi, tunda shi ne aikin kullum. Ka buɗe hoton, ka danna Shift da C don kayan yanka. A gefen da zaɓuɓɓuka suke ka kunna Fixed, ka bar shi a kan Aspect ratio, ka rubuta 35:45, wato awon fasfo na milimita 35 da 45 da ofisoshi da yawa ke karɓa. Yanzu duk yadda ka ja akwatin, ba zai karkace daga wannan awon ba. Ka bar ɗan fili a saman kai, ka danna Enter. In hoton ya yi duhu, ka shiga Colors, ka zaɓi Levels, ka ja ɗan alwatikan tsakiya zuwa hagu a hankali. A hankali na ce. Akwai masu ja har baƙin mutum ya koma wani da mahaifiyarsa ba za ta gane ba, kuma hoton shaida da bai yi kama da mai shi ba, jami'in da zai karɓa yana da hujjar maido shi. Daga nan ka shiga Image, ka zaɓi Scale Image, ka sa faɗi 413, tsayi 531, ka sa 300 a gurbin yawan ɗigo a kowane inci. In za ka wanke su da yawa a takarda ɗaya, ka buɗe sabon shafi mai 1800 da 1200, wanda shi ne takardar hoto ta inci 6 da 4. Fasfo takwas za su shiga, huɗu sama huɗu ƙasa, har da wurin almakashi.

Wurin da sabon shiga ke rikicewa shi ne adanawa. A GIMP, Ctrl da S ba ya ba ka JPG. Yana ajiye aikin ne a fayil ɗinsa mai ƙarshen XCF, da duk leyoyinsa, wato sassan aikin da ka ɗora ɗaya a kan ɗaya, don ka dawo ka ci gaba. Wanda za ka ba kwastoma sai ka bi ta File, sannan Export As, ka rubuta sunan da ƙarshen .jpg ko .png. A akwatin da zai fito na JPG akwai ma'aunin inganci. In ka kunna Show preview in image window zai nuna maka nauyin fayil ɗin tun kafin ka fitar. Wannan shi ne maganin shafukan neman aiki da na makarantu da ke cewa kada hoto ya wuce kilobait kaza. Ka rage ma'aunin kana kallon lambar har ta sauka inda ake so. Ka kuma riƙe XCF ɗin, domin JPG duk lokacin da aka buɗe shi aka sake adanawa sai ya ƙara lalacewa.

GIMP yana da aibi ɗaya da ya fi cutar da mu fiye da mutanen da suka rubuta shi: ba ya adana aiki da kansa. In aka ɗauke wuta kana kan kwamfutar tebur, ko batirin laftof ɗinka ya mutu tun bara, aikin awa biyu ya tafi. Ka mayar da Ctrl da S ɗabi'a, duk bayan 'yan mintuna. Inkscape da Krita, da za mu zo kansu, suna adanawa da kansu lokaci-lokaci, amma su ma ka leƙa saitinsu ka tabbata abin a kunne yake.

Cire bayan hoto kuwa, GIMP ba ya yi da dannawa ɗaya kamar manhajojin waya. Sai ka zagaye mutumin da kayan zaɓe irin Foreground Select ko Paths. Kafin ka goge komai, ka danna dama a kan leyar ka zaɓi Add Alpha Channel, in ba haka ba wurin da ka goge zai cika da launi maimakon ya zama wayam. Ka fitar da shi a PNG, domin JPG ba ya riƙe wayam. In kana da Windows 11, tsohuwar manhajar nan Paint da kowa ya raina ta sami leya da maɓallin cire baya tun 2023, kuma ga aikin gaggawa ta isa.

Wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi, ko wanda tarin maɓallan GIMP suka tsorata, ya gwada Paint.NET. Rick Brewster ne ya fara ta a matsayin aikin makaranta a Jami'ar Jihar Washington a 2004. Windows kawai take hawa, ba ta da nauyi, tana da leya, kuma a yini ɗaya za ka saba da ita. A shafinta na getpaint.net kyauta ce, a kantin Microsoft kuma ta kuɗi ce. Abu ɗaya ne, hanyar tallafa wa mai ita ce kawai. In kuma damuwarka hotunan biki ɗari uku ne da kake so ka rage girmansu a lokaci guda, IrfanView na yin wannan: ka danna B, ka zuba hotunan, ka faɗi girman, ka tafi shan shayi. Sai dai kyautarta ta amfanin gida da makaranta ce. Mai shago da ke cin abinci da ita ana so ya biya lasisi. Ba kowace "kyauta" ce iri ɗaya ba. GIMP, Inkscape, Krita da Scribus, wadda ita ma za mu zo kanta, lasisinsu ya yarda ka yi kasuwanci da su, ka kwafa wa wanda ka so, babu mai tambayarka.

Inkscape ita ce ke tsayawa a gurbin Corel, kuma a ganina ita ya kamata mai shagon kati ya fara koya, tun kafin GIMP. Ta samo asali a 2003, amma sai a 2020 ta kai lamba 1.0. Tana adana aiki a SVG, tsarin da ba mallakar kowane kamfani ba ne, har burauza ma na buɗe shi. Ga inda take burge ni. Ƙungiya ko makarantar Islamiyya za ta kawo maka tambarinta a hoton da ya sha yawo a WhatsApp har ya gaji, a ce a buga shi a kan bana. Ka jawo shi cikin Inkscape, ka zaɓe shi, ka shiga Path, ka danna Trace Bitmap. Za ta bi gefen zanen ta mayar da shi layuka. In tambarin baƙi da fari ne, ko mai launi biyu zuwa uku, sakamakon kan yi kyau nan take. In mai inuwa ne da launuka barkatai, kada ka wahalar da kanka: ka kulle hoton a ƙasa, ka zana sabo a kansa da alƙalamin lanƙwasa, ka sake buga rubutun da hannunka. Ya fi ɗaukar lokaci, amma sau ɗaya za ka yi, kuma ƙungiyar za ta riƙa dawowa wurinka don kai kaɗai ke da tambarinta mai tsabta. Masu keken ɗinkin kwamfuta da ke yin aiki a wuyan riga da bajon makaranta su ma suna da rabo: akwai ƙarin da ake ɗora wa Inkscape mai suna Ink/Stitch, kyauta, da ke mayar da zane fayil ɗin ɗinki irin DST da PES.

Yanzu ga matsalar da babu wani darasin YouTube na Turai da zai gaya maka, wato ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Yawancin kyawawan salon rubutun da ake saukewa don katin biki ba su da waɗannan haruffa. Abin da ke faruwa iri biyu ne: ko ka ga akwati fanko a wurin harafin, ko manhajar ta aro shi a ɓoye daga wani salon, sai ka ga Ƙ ɗin Ƙauran Namoda ta fi sauran haruffan siranta ko ta ɗan nutse ƙasa. Na biyun ya fi haɗari domin a allo ba ya saurin bayyana, sai an buga kati ɗari biyar. Saboda haka kafin ka zaɓi salo, ka rubuta Ƙ Ɗ Ɓ ƙ ɗ ɓ a jere da wasu haruffa, ka ƙara girmansu sosai, ka duba ko 'yan gida ɗaya ne. Ka fi sa ido a kan manyan baƙaƙen, su ne ke zuwa a kanun rubutu kuma su aka fi mantawa. 'Yan'uwanmu na Nijar su ƙara da Ƴ da ƴ. Salon da na tabbata suna da su cikakku su ne Charis, Andika da Gentium na ƙungiyar SIL, da Noto Sans da Noto Serif na Google, duk a ƙarƙashin lasisin da ya halatta kasuwanci.

Yadda za ka buga su kuma, hanya mafi sauƙi ita ce ka ƙara allon rubutun Hausa a saitin harshe na Windows, ko ka sa Keyman, ita ma kyauta. In kana kan kwamfutar wani, akwai lambobi. A Inkscape, kana cikin rubutu ka danna Ctrl da U, ka buga lambar, ka danna Enter. A GIMP kuma Ctrl da Shift da U. Lambar ƙ ita ce 0199, ta Ƙ 0198, ta ɗ 0257, ta Ɗ 018A, ta ɓ 0253, ta Ɓ 0181. Ka rubuta su a takarda ka manna a gefen allo. Mai aikin ajami shi ma ba a bar shi ba: SIL ta fitar da salon Alkalami, wanda aka tsara a kan rubutun hannu irin na Kano, da kuma Harmattan mai bin tsarin Warshu na Afirka ta Yamma. Kalanda ko allon masallaci da aka rubuta da Alkalami, idon da ya tashi a makarantar allo yana gane shi nan take.

Sai ranar zuwa maɗaba'a, inda ake gane ko aikin ya yi. Mai injin zai ce ka kawo masa fayil ɗin Corel, don shi ya saba da shi. Inkscape tana iya buɗe wasu fayilolin CDR, sau da yawa da ɗan karkacewa, amma ba ta adanawa a wannan tsarin. Kada wannan ya dame ka. Ka ba shi PDF. Corel ɗinsa na shigo da PDF. Abin da ba za ka manta ba shi ne ka mayar da duk rubutu zane kafin ka fitar: ka zaɓi komai, ka shiga Path, ka danna Object to Path. In ba ka yi ba, kuma kwamfutarsa ba ta da salon da ka yi amfani da shi, za ta musanya da wani, ƙugiyoyin da ka sha wahala a kansu su watse. Ka yi wannan a kan kwafi, domin rubutun da ya zama zane ba ya gyaruwa, kuma kwastoma ba ya tuna an canja ranar ɗaurin aure sai bayan ka gama. In launi ya kai har bakin takarda, ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Kuma in ta WhatsApp za ka tura, ka tura a matsayin Document; in ka tura a matsayin hoto zai matse shi.

Launi kuwa, allo yana haɗa shi da haske ja, kore da shuɗi, injin ɗab'i yana haɗawa da tawada huɗu, abin da ake kira CMYK. Koren nan mai ƙyalli da shuɗin da ke walƙiya a allo, tawada ba ta iya kai su, za su fito a dushe. Nan ne raunin GIMP da Inkscape na gaskiya: a tsarin allo suke aiki. Ga fasfo, fosta ta firintar ofis da yawancin banoni, wannan ba matsala ba ce, injin na juyawa da kansa. Ga littafi, mujalla ko kalandar da za a yi wa faranti a buga dubbai, sai ka haɗa da Scribus, manhajar shirya shafuka da ta fara a 2001. Ka gyara hotuna a GIMP, ka zana tambari a Inkscape, ka jera su da rubutu a Scribus, ita za ta fitar maka PDF na CMYK. A can ka tabbata ƙananan rubutu baƙar tawada ce zalla. Baƙin da aka haɗa da tawada huɗu, in faranti ya goce ko da kaɗan, sai haruffa su yi inuwa. Scribus ba ta da kyan gani kuma tana da taurin kai a makon farko. In littafi kake shiryawa, ka daure mata.

Ƙa'idar ɗigo 300 a inci ta abin da ake riƙewa a hannu ce. Takardar A4 a wannan ma'auni 2480 da 3508 ce. Kada ka kai ta kan bana. Bana mai ƙafa 10 da 4 a 300 zai zama 36000 da 14400, kwamfutarka za ta sandare kafin ka sa harafi ɗaya. A 72 zai zama 8640 da 3456, kuma mai kallo daga tsallaken titi ba zai ga bambanci ba.

Sauran a taƙaice. Mai zanen hannu, mai yin littafin yara ko zanen barkwanci, Krita ce tasa. An gina ta don fenti da alƙalamin allo, kuma tana aiki da CMYK. Mai babbar kyamara da ke ɗauka a RAW ya duba darktable ko RawTherapee. Mai sha'awar zane mai motsi da siffofi masu kauri ya nufi Blender, wadda da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar a 2025, amma tana son kwamfuta mai ƙarfi da haƙuri mai yawa. Akwai kuma Affinity, wadda da ta kuɗi ce. Canva ta sayi kamfanin da ke yin ta a 2024, ta mayar da ita kyauta a ƙarshen Oktoban 2025, hoto da bekta da shafi a manhaja ɗaya. Tana da kyau ƙwarai, kuma wanda ya saba da Photoshop zai fi saurin sakewa a cikinta. Sai ka buɗe asusun Canva kafin ka yi amfani da ita, kuma kyautar kamfani ce, mai bayarwa na iya sauya sharaɗi. Ni dai zan yi aiki da ita, amma zan riƙa ajiye kwafin kowane muhimmin zane a SVG ko PDF.

Wajen saukewa kada ka danna sakamakon farko da Google ya nuna maka. A watan Oktoban 2022 an sami talla a saman sakamakon bincike da ke nuna adireshin GIMP na gaskiya, amma tana kai mutane shafin bogi mai raba manhajar satar kalmomin sirri. Ka buga adireshin da hannunka: gimp.org, inkscape.org, krita.org, scribus.net. Kowannensu megabait ɗari da wani abu ne zuwa 'yan ɗaruruwa, don haka mutum ɗaya ya sauke da datar dare, ya zuba a filash, sauran 'yan layi su kwafa. Lasisin ya yarda, kuma bayan an saka su ba sa neman intanet. In kwamfutar ba taka ba ce, ta ofis ce ko ta kafe da ba a yarda a saka komai ba, shafin PortableApps.com yana da GIMP da Inkscape da ke tashi kai tsaye daga filash. Wanda hannunsa ya riga ya saba da maɓallan Photoshop kuma ya nemi PhotoGIMP, wani ɗan ƙari ne da ke sake jera GIMP ya maido masa yawancin gajerun hanyoyin da ya sani.